Makin da ya saɓa wa kunne: yadda awon lasifika na mujallar Consumer Reports ya sha bamban da abin da masu saurare suka ji

Fiye da shekara talatin, Ba'amurken da ke shirin sayen lasifika yana da inda yake fara leƙawa kafin ya zaro kuɗi, wato mujallar Consumer Reports. Ta ƙungiyar kare masu saye ce, wadda aka kafa a 1936 da sunan Consumers Union. Ba ta ɗaukar talla, ba ta kuma karɓar kyautar kaya daga hannun kamfanoni. Duk abin da za ta gwada, mutum take turawa kanti ya sayo kamar kowa. Shi ya sa in ta ce firji kaza ya fi firji kaza, jama'a kan ɗauka magana ta ƙare. Lasifika ma haka take yi musu: kowacce a ba ta maki cikin ɗari, makin da ke nuna, a faɗarsu, yadda take mayar da sauti kamar yadda aka ba ta, ba ƙari ba ragi.

A 2004 wani mai bincike, Sean Olive, ya tattaro lasifika 13 da mujallar ta riga ta ba maki a 2001, ya zaunar da horarrun masu saurare a gaban labule, suka ji su ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun san wacce ke kiɗa ba. Da aka jera makin kunne kusa da makin mujalla, sai ga shi ba su ma san juna ba. Akwai lissafin da ake auna jituwar jeri biyu da shi, inda 1 ke nufin sun tafi tare sak, sifili kuma babu abin da ya haɗa su. Wannan ya ba da −0.22. Wato in ma akwai wata 'yar alaƙa, to ta baya-baya ce.

Babu wanda ya zargi mujallar da coge. Injiniyoyinta sun san aiki, na'urorinsu kuma ba su yi ƙarya ba. Matsalar tana can wajen zaɓen abin da za a auna, da yadda aka dunƙule shi ya zama lamba ɗaya.

Me ake aunawa tukuna

Sauti kaɗawar iska ne. Yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya shi ne zangon sautin, kuma da hatz ake ƙirga shi. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen hatz 20 zuwa 20,000. Can ƙasa nan ne bes, irin wanda ke bugun ƙirji. Can sama kuma tiribul, wato irin tsakin harafin "s". Muryar mutum a tsakiya take zaune, shi ya sa tsohuwar wayar tarho da ke wuce da abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kawai ta wadatar a gane magana, ko da yake ba wanda zai so jin kiɗa ta cikinta.

Gwajin a kan takarda ba shi da wuya. A ba lasifika sauti mai ƙarfi ɗaya tun daga zangon ƙasa har na sama, a kafa makirufo a gabanta, a zana ƙarfin abin da ta fitar a kowane zango da ma'aunin desibel. In layin ya miƙe, ba ta fifita kowane zango ba. In ya yi tudu a wani wuri, ta ƙara gishiri a nan. In ya yi kwari, ta haɗiye wani abu. Don kada bango ya sa baki, a ɗaki marar amsa-kuwwa ake yin awon, ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da ƙasansa da manyan tsinkayen auduga ta gilas, har a wasu ɗakunan kan ragar waya mutum ke takawa. Wanda ya tafa hannu a ciki zai ji tafin ya mutu nan take.

To amma ina za a kafa makirufon? Nan gizo ke saƙa.

Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa. Saboda haka igiyar sautin hatz 100 ta kai tsawon mita uku da rabi, ta 1,000 santimita 34, ta 10,000 kuwa santimita uku da 'yan kai. Igiyar da ta fi akwatin lasifika girma nesa ba kusa ba, zagaye shi take yi ta bazu ko'ina, gaba da baya. Wadda ba ta kai faɗin bakin lasifikar ba, gaba kawai take harbawa. Bes kamar fitilar ƙwai yake a tsakar ɗaki, tiribul kuwa tocila. Duk wanda gidansa ke bayan lasifikar masallaci ya san haka ko ba a faɗa masa ba: ladan ɗaya ne, amma na gaba yana jin kowane harafi tas, na baya kuma muryar ce ke iso masa a dushe.

Ke nan lasifika ba ta da layi ɗaya. Tana da layi a gaba, wani a gefe, wani a sama, wani a baya, kuma duk sun bambanta.

Zaɓin da mujallar ta yi

Injiniyoyin Consumer Reports sun yi wani tunani da ba za a kira shi na wauta ba. Suka ce ai mutum ba a ɗaki marar amsa-kuwwa yake jin kiɗa ba, a falonsa yake ji, kuma galibin abin da ke isa kunnensa ya riga ya bugi bango ko sili ya dawo. Tun da haka ne, a auna lasifika ta kowace fuska, a tattara duka, a fitar da jimlar ƙarfin da take zubawa cikin ɗaki a kowane zango. Sai suka ɗauka cewa lasifika ta gari ita ce wadda wannan jimlar tata ta miƙe daga bes har tiribul. Gwargwadon kaucewar layin daga miƙewa, gwargwadon makin da za a zabge daga ɗari.

Suna kuma yin awon ne a dunƙule. Daga kowane zango zuwa ninkinsa, misali daga 500 zuwa 1,000, ana kasa shi uku, a ɗauki matsakaicin kowane kaso. Duka faɗin jin ɗan Adam ya zama gida talatin da ɗaya ko kusa da haka, daidai da yawan maɓallan doguwar ikwalaizar da masu kiɗan biki ke turawa sama da ƙasa.

Abin yana da kyan gani. Lamba ce, ba ra'ayi ba. Ko wa ya maimaita awon zai sami abu ɗaya. Kuma mujallar tana da dalilin da zai sa ta ƙaunaci lamba, domin ta taɓa ɗanɗana kuɗar bayyana abin da kunne ya ji da kalmomi.

Rigimar shekara goma sha huɗu

A 1968 kamfanin Amar Bose, malami a jami'ar MIT, ya fito da lasifikar da ya kira 901. Baƙuwar halitta ce a lokacin: ƙananan bakuna tara a akwati ɗaya, takwas na kallon bangon baya, ɗaya tak na kallon mai saurare. Hujjar Bose ita ce a babban zauren kiɗa yawancin sautin da mutum ke ji daga bango yake dawowa, don haka ya kamata lasifikar gida ta kwaikwayi hakan.

A fitowar watan Mayun 1970, cikin wani dogon sharhi kan lasifikoki masu matsakaicin farashi, mujallar ta ware wa 901 gurbi. Ta yaba wasu abubuwa, sannan ta ce kayan kiɗan da ake ji ta cikinta sukan kumbura fiye da kima, har gogen Turawa ya zama kamar faɗinsa ƙafa goma, fiyano ya miƙe daga bango zuwa bango, kuma sukan yi ta yawo cikin ɗaki. Bose ya nemi a janye, aka ƙi, ya garzaya kotu a 1971.

Da aka zo shari'a, injiniyan da ya jagoranci gwajin, Arnold Seligson, ya ce abin da ya ji shi ne sautin na zirga-zirga a jikin bangon da lasifikokin suke, tsakanin wannan da waccan. Alƙalin kotun tarayya a Massachusetts ya ce yawo a jikin bango daban, yawo cikin ɗaki daban, kuma mai ilimi irin wannan ba zai kasa sanin bambancin ba. A 1981 ya ba Bose gaskiya, daga baya aka yanke diyyar da ta haura dala dubu ɗari. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 1982. A ranar 30 ga Afrilun 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta tsaya wa mujallar. Mai shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta hukuncin: lafazin bai yi daidai ba, amma ba a tabbatar da cewa da gangan aka yi ƙarya ba.

Lauyoyi suna karanta wannan shari'a saboda 'yancin 'yan jarida. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki daban ne. Bose na cikin manyan masu da'awar cewa jimlar ƙarfin da lasifika ke zubawa a ɗaki ita ce ya kamata ta miƙe, ba layin gaba ba, har a tallan 901 an sha faɗin haka. Ashe masu ƙara da waɗanda ake ƙara, duk da shekarun da suka kwashe suna ja-in-ja, a wannan gaɓa bakinsu ɗaya. Kuma ita ce gaɓar da ta zo ta karye.

Mutumin Ottawa

Tun kafin a gama waccan shari'a, wani injiniya ɗan Kanada, Floyd Toole, yana can a Hukumar Bincike ta Ƙasa da ke Ottawa, inda ya fara aiki a 1965, yana bin wata hanya dabam. Shi bai fara da cewa ga layin da ya kamata ya miƙe ba. Ya fara ne da zaunar da mutane bayan labule yana tambayarsu wacce ta fi, sannan ya koma ɗakin awo ya duba abin da lasifikokin da suka ci suka yi tarayya a kai.

A lokacin kowa cewa yake sauti ai son rai ne, abin da ya yi wa wani daɗi ba lallai ya yi wa wani ba. Toole ya tarar ba haka abin yake ba. In aka daidaita ƙarfin sauti tsakanin lasifikokin, aka ɓoye su, aka kuma tabbatar masu sauraren ba su da matsalar ji, to yawancinsu kan abu ɗaya suke haɗuwa. Waɗanda ra'ayinsu ke tangal-tangal, yau nan gobe can, galibi waɗanda jinsu ya fara raguwa ne. Ya wallafa sakamakon a mujallar Ƙungiyar Injiniyoyin Sauti a 1985 da 1986. Lasifikar da ke ci, in ji binciken, ita ce wadda layinta na gaba ya miƙe sumul, layukanta na gefe kuma suka gangara a hankali ba tare da tudu ko rami ba. Kamfanonin Kanada irin su PSB da Paradigm da Energy sun amfana da wannan ɗakin awo, har lasifikar Kanada ta yi suna a duniya.

A 1991 kamfanin Harman, mai JBL da Infinity, ya ɗauke Toole zuwa Kalifoniya. Olive, wanda suka yi aiki tare a Ottawa, ya bi shi a 1993. Shekara guda bayan haka suka yi wani gwaji da har yau masu sayar da lasifika ba sa son a tuna. Ma'aikatan kamfanin 40 suka saurari lasifika huɗu bayan labule, sannan aka yaye labulen suka sake saurare. Manyan nan masu tsada da ƙyalƙyalin katako, makinsu ya tashi da aka gan su. Wata 'yar ƙarama mai jikin roba, wadda ta yi rawar gani a ɓoye, makinta ya faɗi. Abin da ya fi wannan ban mamaki, a ɓoye masu saurare sun lura da sauyin sauti in an gusar da lasifika daga wani wuri zuwa wani, amma da suna kallo sai suka kusan daina lura. Gani ya kori ji, kuma ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba.

Daga nan Harman ta gina ɗakin saurare na musamman a Northridge. Bayan wani labule da sauti ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa, akwai dandamalin da iska ke turawa. Mai saurare na zaune shi kaɗai da maɓalli a hannu. In ya danna A, cikin 'yan daƙiƙoƙi dandamalin ya janye lasifikar da ke gaba ya kawo wata daidai gurbin da waccan ta bari, domin ko taku ɗaya aka gusar da lasifika a ɗaki bes ɗinta ya sauya. Kwamfuta ce ke yamutsa jerin, shi kansa mai gudanar da gwajin bai san wacce ce A ba. Guda ɗaya ake kunnawa, ba biyu ba, don Toole ya gano cewa aibin lasifika ya fi fitowa fili in ita kaɗai ke magana. Mai saurare ya ba da maki daga sifili zuwa goma.

Cikin wannan ɗaki aka shigar da lasifika 13 ɗin nan. Olive ya gabatar da sakamakon a taron Ƙungiyar Injiniyoyin Sauti a Berlin a watan Mayun 2004, kashi na biyu kuma a San Francisco a watan Oktoba.

Inda aka yi tuntuɓe

Kuskure na farko ya fito ne daga waccan magana ta fitila da tocila. Lasifikar da aka saba, mai kallon gaba, dole ne jimlar ƙarfinta ta gangara yayin da zango ke hawa, tun da bes na zuba ta ko'ina, tiribul kuwa ta gaba kawai. Wannan ba aibi ba ne, haka halittar sauti take, muryar mutum ma haka take yi. To in aka ce sai jimlar ta miƙe, hanya ɗaya ce: a ƙara wa tiribul ƙarfi a gaba har ya cike giɓin da ke gefe da baya. Ga maki ya hau a takarda. Amma wanda ke zaune a gaban lasifikar, sautin farko da zai doki kunnensa shi ne wannan mai tiribul fiye da kima, siriri, mai tsini, bes ɗinsa kamar an tsame. Ma'aunin mujallar yana saka wa lasifika da alheri a kan abin da kunne ke ƙi, yana kuma hukunta wadda ta miƙe a gaba don jimlarta ta gangara.

Abin da ya ɓace a lissafinsu shi ne kunne ba makirufo ba ne. Makirufo ɗaya a tsakar ɗaki tara komai yake yi, bai damu da wanda ya riga iso ba. Kunne biyu da ƙwaƙwalwa kuwa suna rarrabewa. Sautin da ya zo kai tsaye shi ke fara isowa, shi ke faɗa wa mutum inda abin yake, kuma yana da babban rabo a launin da za a ji. Na bango na biyo baya cikin ɗan guntun daƙiƙa. In launinsa ya yi kama da na farkon, ƙwaƙwalwa ta haɗe su, ɗaki ya ji kamar ya buɗe. In ya bambanta, sai a ji wani abu bai zauna ba, ko da mutum ba zai iya cewa ga shi ba. Jimla ɗaya ba za ta nuna wannan ba, domin lasifika biyu na iya yin jimla iri ɗaya alhali ɗaya ta miƙe a gaba ta lalace a gefe, ɗayar kuma akasin haka.

Akwai wuri ɗaya da wannan ke yawan faruwa. Yawancin ƙananan lasifikoki baki biyu gare su, wufa, wato babban bakin da ke fitar da bes, mai faɗin inci shida ko kusa da haka, da ɗan ƙaramin na tiribul. A wajen hatz dubu biyu zuwa uku wufa ke miƙa wa ƙaramin aiki. Daidai nan wufar ta riga ta fara harbi gaba kawai, shi kuwa ƙaramin da ya karɓa bazawa yake yi ko'ina. In maƙerin bai yi hattara ba, layin gefe zai yi rami sannan ya yi tsalle. Kuma wannan yanki, daga dubu biyu zuwa biyar, nan ne kunne ya fi kaifi, kamar yadda Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna tun 1933 a ɗakunan binciken Bell.

Kuskure na biyu shi ne dunƙulewar. Gida ɗaya cikin gidajen nan talatin da ɗaya, a wajen hatz 1,000, faɗinsa ya kai hatz 230. A wajen 10,000 ya haura dubu biyu. Akwatin da ke kaɗawa a wani zango, ko bakin wufa da ke ƙugi a wani, tudun da suke yi na iya zama siriri ƙwarai, ya faɗa cikin gida ɗaya tare da kwarin da ke maƙwabtaka da shi, matsakaici ya share su duka biyun. A zane ba a ga komai ba. A kunne kuwa, duk sanda mawaƙiya ta taka wannan zangon sai muryarta ta yi kamar ta hanci. Awon Harman yana kasa kowane ninki gida ashirin, wato wajen maki ɗari biyu ke nan a faɗin ji maimakon talatin.

Kuma maimakon jimla ɗaya, suna ɗora lasifika kan faifai mai juyawa a ɗaki marar amsa-kuwwa, a auna ta kowane digiri goma, zagaye ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, awo 70 ke nan. Daga ciki ake fitar da layuka kaɗan: na gaba sak, na ɗan filin da masu zama a kujera ke ciki, na kusurwoyin da ke fara bugun bango da sili da daɓe, sannan ita jimlar. Ba a jefar da jimlar ba, an dai sauke ta daga kujerar alƙali. Alfanun jera layukan tare shi ne, tudun da ya bayyana a dukkansu a zango ɗaya, to ƙugi ne na gaske daga jikin lasifikar. Wanda ya fito a layi ɗaya ya ɓace a saura, sau da yawa karon igiyoyi ne a wannan kusurwar kawai, kunne bai cika damuwa da shi ba.

Da waɗannan layuka Olive ya gina nasa lissafin na hasashen makin da masu saurare za su bayar. A kan lasifika 13 ɗin, hasashen ya kusan zama sak. Da ya faɗaɗa zuwa lasifika 70 masu girma da farashi iri-iri, jituwar ta tsaya a 0.86. Kusan kashi 30 cikin ɗari na makin ya rataya ne a kan zurfin da bes ke iya kaiwa, sauran kuma a kan sumul ɗin layin gaba da na abin da ake sa ran ji a ɗaki.

Ai mai kaya ne ya yi gwajin

Dole a faɗi wannan, kuma masu suka sun faɗa. Harman ba 'yar kallo ba ce. Lasifika take sayarwa, makin mujallar kuma yana taɓa cinikinta. Ɗakinta ne, ma'aikatanta ne, ita ta horar da kunnuwansu. Me zai hana a ce an koya musu son sautin gida ne kawai?

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce wani bincike da Olive ya wallafa a 2003, inda mutum fiye da 250 da ba a horar ba, cikinsu har da dillalan kayan sauti da ɗalibai da masu sharhi a mujallu, suka yi gwaji iri ɗaya da horarru 12. Jerin fifikon ya fito kusan ɗaya. Bambancin shi ne horarrun sun fi rowar maki, sun kuma fi tsayawa kan magana ɗaya in an maimaita. Sannan an baje hanyar a fili, duk mai ɗaki da kuɗi yana iya maimaitawa ya ƙaryata.

Duk da haka ina ganin akwai wuraren da ya kamata a ja birki. Lasifika 13 ba yawa ba ne, kuma −0.22 a kan adadi kaɗan haka bai isa a ce makin mujallar a juye yake ba. Abin da ya isa a ce shi ne makin ba ya hasashen komai, wanda ga mai saye wannan ma ya isa abin takaici. Jituwar da ta kusan cika a kan 13 ɗin ita ma ba abin tafi ba ce sosai, tun da a jikinsu aka ɗinka lissafin. Ta 70 ɗin ce abin dubawa. Sannan lissafin bai san komai ba game da yadda lasifika ke yi in an murɗa ta har ƙarshe, ko tana shaƙewa ko tana fasa sauti. Wanda zai yi kiɗa a fili, inda babu bango balle amsa-kuwwa, buƙatarsa daban ce da ta mai falo. Kuma ƙasa da wajen hatz 300 ɗaki ne sarki: tsawonsa da faɗinsa ke yanke inda bes zai taru da inda zai ɓace, har mutum ya gusa da kujera taku biyu ya ji kamar an sauya masa lasifika. Wannan sai an auna a ɗakin da kansa.

Bayan an kwana biyu

Mujallar ba ta kai kowa kotu ba. Bayan 'yan shekaru ta bar dogaro da jimlar ƙarfi ita kaɗai, ta sake fasalin gwajinta. Hanyar awo 70 kuwa ta fita daga hannun Harman ta zama ma'aunin masana'antar kayan lantarki ta Amurka, mai lamba 2034, wanda aka fitar a 2013 aka kuma sabunta a 2015. Wani kamfanin Jamus da ke Dresden, Klippel, ya ƙera na'urar da ke zagaya lasifika da makirufo a kurkusa, tana ɗaukar ɗaruruwan awo, ta cire tasirin bango da lissafi. Da ita, wanda ba shi da ɗaki marar amsa-kuwwa ma yana iya fitar da layukan a garejinsa, kuma yau akwai ɗaruruwan lasifikoki da aka baje awonsu a intanet, wasu masu tsadar gaske sun sha kunya, wasu masu araha sun fita kunya.

Kamfanoni da yawa dai har gobe ba sa wallafa nasu. Abin da ake bugawa a jikin kwali lambobi biyu ne, misali 45 zuwa 20,000, wani lokaci da ƙarin cewa kaucewar ba ta wuce desibel 3 sama ko ƙasa ba, wani lokaci ko wannan babu. Ko da an rubuta, tazarar desibel shida ke nan tsakanin tudu da kwari, alhali kunne na iya kama tudu mai faɗi da bai kai desibel ɗaya ba. Kuma layin gaba kaɗai ake nufi. In babu ƙarin ma, lambar ƙasan na iya zama zangon da wufar ke motsi kawai ana gani da ido, ba tare da wani sautin kirki ya fito ba.